An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Rajinikanth Da Masu Kukan Fassara

Na daɗe ina haɗiye wannan magana, to yau dai zan amayar da ita, wanda zai ji haushi ya yi haƙuri.

Wata Asabar bayan sallar isha'i muna zaune wajen mai shayi a bakin Ƙofar Ƙaura, ni da wani abokina wanda ya taɓa harkar fim tun zamanin kaset, kuma har gobe yana taɓa rubutun labari. Sai ga wani yaro direban Keke Napep ya tsaya, ya ce a haɗa masa shayi da biredi, ya zauna a ƙarshen benci ya zaro waya ya ci gaba da kallon da ya tsayar. Fim ɗin Indiya ne na fassara, mutumin nan mai baƙin gilashi yana watsa ƙarti kamar ana sheƙar gero. Abokina ya ja tsaki ya ce mini, "Ka gani ko, malam? Waɗannan su suka kashe mu. An bar namu na gida ana kallon ƙarya." Ashe yaron ya ji. Ya ɗago kai ya ce, "Baba, a yi haƙuri, wanga ai namu ne. Yaron mota ne kafin ya fara fim." Ya mayar da kai ga wayarsa.

Tun daga ranar nake juya amsar yaron nan a raina, domin a ganina ya fi mu gane inda matsalar take, mu da muke kiran kanmu marubuta da manazarta.

Kukan da abokina ya yi ba nasa ba ne shi kaɗai. Shekara da shekaru ke nan 'yan fim ɗinmu suna rera shi, cewa finafinan Indiya da ake sa wa muryar Hausa, irin na Algaita a Kano da sauran masu bin sahunsu, su ne suka karya kasuwar fim ɗin Hausa, kuma wai masu kallo ba su da kishin nasu. Bari in fara ba su haƙƙinsu. Duk wanda ya ɗauki fim ɗin wani ya sa masa murya ya sayar ba da izinin mai shi ba, ya ci haƙƙi, ko Ba'indiye ne mai kayan ko Bakatsine. Kuma gaskiya ne wanda ya kashe miliyoyi ya shirya fim ba zai iya gogayya a farashi da wanda murya kawai ya ɗora ba. Na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce arha ce kaɗai ta ja yaron can. A shagon masu tura finafinai a waya, kuɗin tura na Hausa da na fassara duk ɗaya ne. Yaron ya tsaya gaban kwamfuta, an jera masa duka biyu, ya zaɓa. Tambayar da muke gudu ita ce, me ya gani a can wanda bai gani a nan ba?

Kafin in amsa, akwai wani jahilci namu da ya kamata mu fara wankewa. Mu a wajenmu komai "Indiya" ne. Iyayenmu da yayyenmu da suka yi zamanin silima sun san 'yan wasan Bombai kamar 'yan unguwarsu, har suna suka raɗa masu: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin. Waɗancan duk da harshen Hindi suke wasa. Amma yawancin abin da yaranmu ke kallo yau na fassara daga kudancin Indiya yake fitowa, inda Hindi ba harshen gida ba ne. Prabhas da Allu Arjun da Mahesh Babu 'yan Telugu ne. Yash na KGF ɗan Kannada ne. Vijay da Ajith da Suriya da Dhanush, da babbansu Rajinikanth, su ne 'yan fim ɗin Tamil, cibiyarsu unguwar Kodambakkam a birnin Chennai, wanda a da ake kira Madras. Jihar tasu, Tamil Nadu, ƙidayar 2011 ta ba ta mutum miliyan 72. Mutane ne masu tsananin kishin harshensu, har a 1965 suka yi bore, aka rasa rayuka, don kada a ɗora masu Hindi a matsayin harshen hukuma shi kaɗai. Wato su ma 'yan wani yanki ne masu harshensu, da babbar masana'antar ƙasarsu ke yi wa kallon ƙauyawa. Ban san ko wannan ya tuna wa mai karatu wasu mutane ba.

To wane ne Rajinikanth? Sunansa na yanka Shivaji Rao Gaekwad, an haife shi ranar 12 ga Disamba 1950 a Bangalor. Abin dariyar ma shi ne shi ba Batamile ba ne, iyayensa 'yan Marathi ne. Mahaifinsa ƙaramin ɗan sanda ne, mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara tara. Ya yi dako, ya yi aikin kafinta, kafin ya samu aikin kwandasta a motocin safa na birnin, yana yanka tikiti yana busa usur. Wani abokinsa direba mai suna Raj Bahadur shi ya matsa masa ya tafi makarantar koyon fim a Madras, kuma ya riƙa tallafa masa daga ɗan albashinsa. A can darakta K. Balachander ya gan shi, ya ce ya koyi Tamil, ya canza masa suna, ya ba shi ɗan ƙaramin matsayi a Apoorva Raagangal a 1975. Shekarunsa na farko duk a mugu yake fitowa, domin baƙi ne, ba shi da irin fuskar da ake so a wajen jarumin soyayya. Ko a 16 Vayathinile na 1977, fim ɗin da Bharathiraja ya fitar da kyamara daga ɗakin ɗauka ya kai ta ƙauye, Kamal Haasan ne abin tausayi, Sridevi ce yarinyar, Rajini kuwa ɗan iskan gari.

Masu son kwaɗaitar da matasa sukan tsaya a nan su ce, ka ga kwandasta ya zama attajiri, kai ma ka dage. Ni wannan ɓangaren bai dame ni ba, don kwandastoci dubu nawa ne suka dage suka mutu a kwandasta? Abin lura shi ne wanda yake zama a cikin fim bayan ya yi suna. A Annamalai na 1992 mai sayar da madara ne, yana yawo da gwangwanaye a kan keke. A Muthu na 1995 bara ne a gidan mai gari, direban keken doki, kuma wannan fim ɗin ne da aka kai Japan a 1998 ya sa Japanawa suka haukace a kansa. A Baashha, shi ma na 1995, direban a-daidaita-sahu ne mai suna Manikkam, sanye da kakin direbobi, yana tarairayar ƙannensa, yana haɗiye wulaƙanci, har ranar da aka taɓa ƙanwarsa aka ga asalin ko shi wane ne. Kafin shi ma haka M. G. Ramachandran ya yi: masunci a Padagotti, manomi a Vivasayi, mai tura keken haya a Rickshawkaran na 1971. Al'adar gidan ce, ba tsautsayi ba.

Ga wani abu da zai ba ka mamaki. Je ka tsaya a shatale-talen Ƙofar Ƙwaya ka duba gaban Keke Napep ɗin da ke wucewa, za ka ga wasu an rubuta Bajaj, wasu TVS. Shi kamfanin TVS hedikwatarsa a Chennai take, babbar masana'antarsa a Hosur, duk cikin Tamil Nadu. Wato yaron can na Ƙofar Ƙaura yana wuni a cikin irin keken da Manikkam ke tuƙawa, yana shan irin zagin da Manikkam ke sha daga masu manyan motoci, yana biyan balas ga mai keke kullum yamma. Da dare ya buɗe waya ya ga an ɗauki mai sana'arsa an mayar da shi namijin duniya, da Hausar da yake ji. Sa'annan ya buɗe namu. Me zai gani? Falo mai kujeru na alfarma, Alhaji da Hajiya, ɗa ya dawo daga karatu a Ingila, ana rigimar wa zai aura. In direban keke ya fito, to an kawo shi ne ya sauke jaruma a ƙofar gida ya karɓi kuɗinsa ya fita daga labarin. In talaka ya daɗe a allo, to abin dariya ne. Allah Ya ji ƙan Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disamba 2014, shi ne ya riƙe wa talaka wuri a fim ɗin Hausa shekara da shekaru, kuma ba a yi kamarsa ba. Amma ko shi, dariya aka ba shi izini ya ba mu. Ba a taɓa barin talakan Ibro ya tsaya gaban azzalumi ya yi nasara muna tafi da hawaye ba.

Na san za a ce ai akwai Daɗin Kowa na Arewa24. Ƙwarai kuwa, kuma shi ne hujjata. Shirin da ya shiga lungu ya nuna gidan ƙasa da almajiri da mai unguwa da 'yan gudun hijira, ai kowa ya ga yadda mutane suka rungume shi, fassara ba ta hana shi barci ba.

Sai maganar "ƙarya". Wai mutum ɗaya ya doki hamsin, ya jefa sigari sama ya cafe da baki, mota ta tashi sama kamar shirwa. Jama'a, mu Katsinawa ne za mu yi wa wani gorin wannan? A garin nan Malam Bello Kagara ya zauna, shi ya rubuta Ganɗoki. Ɗan'uwansa Abubakar Imam a nan ya yi karatu ya koyar, ya ba mu Alhaji Imam na Ruwan Bagaja, wanda duk tafiyarsa abin al'ajabi ce. Ahmadu Ingawa ya ba mu Iliya Ɗan Maiƙarfi. Waɗannan muka karanta a firamare muna jin daɗi, ba wanda ya ce a kawo ma'auni a gwada ƙarfin Iliya. Ɗan dambe in yana kirari a fage, akwai mai tsayar da shi ya ce ya kawo shaida? Yaron nan ya san mota ba ta tashi, shi da yake wuni a kan titi ya fi mu sani. Abin da ke cikin fim ɗin wanda ba ƙarya ba shi yake bi: ɗan sanda mai karɓar na goro, ɗan siyasa mai kiwon 'yan daba, mai kuɗin da ya ƙwace filin marayu, asibitin da ya ƙi taɓa majinyaci sai an ajiye kuɗi. Wanne ne baƙo a cikinsu?

Yanzu bari in taɓo inda ya fi yi mana ciwo, mu marubuta. An daɗe ana zagin 'yan fim ɗin Hausa da kwaikwayon Indiya, su kuma suna cewa ai kowa ma yana kwaikwayo. Gaskiyarsu. Rajini kansa da kwaikwayo ya tashi. Billa na 1980, wanda ya ɗaga shi, Don ne na Amitabh Bachchan aka juya. Thee na 1981 Deewaar ne, Mr. Bharath kuwa Trishul. Har Bombai ɗin ya je ya yi wasa tare da Amitabh a Andha Kanoon da Geraftaar da Hum. Amma Tamilawa da suka ɗauko ƙashin labari sai suka sa masa naman gida, suka ci gaba da gina nasu, har reshe ya juye da mujiya. Ghajini da Aamir Khan ya yi a 2008 na Suriya ne na 2005. Singham na Ajay Devgn daga Singam na Tamil aka ɗauko shi. A. R. Rahman, wanda ya ɗauki Oscar biyu a 2009, ɗan Chennai ne, da Roja na Mani Ratnam ya fara a 1992. Mu kuma da muka tashi kwaikwayo, me muka ɗauko? Rawa a gindin bishiya da soyayyar mutum uku. Muka bar cibiya, muka kwaso ado.

Dalilin bambancin a ganina shi ne matsayin alƙalami. A Tamil Nadu marubuci ne ya yi wa fim gida. C. N. Annadurai marubucin wasan kwaikwayo da fim ne kafin ya zama babban ministan jihar a 1967. M. Karunanidhi shi ya rubuta Parasakthi na 1952, fim ɗin da ya fito da Sivaji Ganesan, ya caccaki 'yan damfara da ke fakewa da addini da masu cin amanar talaka, kuma daga baya ya riƙe jihar har sau biyar. Har yau ba su saki littafi ba. Ponniyin Selvan da Mani Ratnam ya fitar a 2022, labari ne da Kalki Krishnamurthy ya riƙa bugawa kashi-kashi a mujallarsa daga 1950 zuwa 1954, kamar dai yadda marubutanmu ke sako mana nasu babi-babi. Asuran na Dhanush, 2019, daga littafin Vekkai na Poomani aka ɗauko shi. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Visaranai na Vetrimaaran. Wani direban a-daidaita-sahu a garin Coimbatore, M. Chandrakumar, shi ya rubuta littafi a kan azabar da ya sha a hannun 'yan sanda lokacin yana matashi. Aka mayar da shi fim, aka nuna a bikin finafinai na Venice a 2015, Indiya ta tura shi gasar Oscar. Direban keke, jama'a!

Mu ma fa da haka muka fara. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino littafi ne kafin ya zama fim. Haka Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu, haka Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa, 'yar jihar nan. Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina an buga shi wasa, daga baya ya hau majigi. Sai aka wayi gari furodusa ya gane cewa in yana da waƙa biyar da fuskar da ake yayi, labari ko a bayan kwalin sigari aka rubuta ya isa. Marubuci ya koma ɗan aike, a kira shi a ce a haɗa mana wani abu kafin jibi, a sallame shi da abin da bai kai kuɗin kayan kwalliyar jaruma ba. Abokina na wajen mai shayi ya san wannan sarai, don da bakinsa ya sha ba ni labarin yadda aka yi masa. Fassara ba ta zo ba tukuna a lokacin.

Kuma ba labari muka rasa ba. A Disamba 2020 aka kwashe yara sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a dare ɗaya. Mutanen Batsari da Jibiya da Safana da Faskari sun ga abin da baki ba ya iya faɗa. Matan da suka baro ƙauyukansu suna nan cikin birni, kowa yana ganinsu a bakin masallatai. Ina fim ɗin manomin da ya sayar da shanunsa da gonarsa ya fanso 'yarsa? Tamilawa sun ɗauki shari'ar wani talaka da ya mutu a hannun 'yan sanda a 1993 sun yi Jai Bhim a 2021, duk ƙasar ta girgiza. A nan dole in yi wa 'yan fim adalci, ba su kaɗai ke da laifi ba. A shekarar 2021 ɗin nan ce hukumar tace finafinai ta Kano ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a fim. A 2008 an ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama. A 2016 gwamnatin tarayya ta yi niyyar gina ƙauyen fim a Kofa ta jihar Kano, aka yi ca a kai har aka fasa. Wanda aka ɗaure wa hannu ba a ce masa ya yi dambe ba. Amma in haka ne, to a faɗi sunan abin da ya ɗaure hannun, a daina ɗora wa yaro mai waya.

Kada kuma wani ya ɗauka waliyyi nake tallatawa. Rajini yana da abin yabo: mutum ne da ke fitowa bainar jama'a da sanƙonsa da furfurarsa da farar riga, ba ya ɓoye tsufa, kuma da fim ɗinsa Baba ya faɗi a 2002 ya mayar wa 'yan kasuwar da suka yi asara kuɗi. Indiya ta ba shi lambar Dadasaheb Phalke, mafi girma a harkar fim ɗinsu, kuma a 2025 ya cika shekara 50 yana wasa, ya fito a Coolie. Amma finafinansa da yawa, musamman Padayappa na 1999, suna koya wa samari cewa mace mai ra'ayin kanta abar ladabtarwa ce. Kuma talakan allo daban, mutumin daban. A Mayu 2018 'yan sanda suka harbe mutum 13 a Thoothukudi cikin masu zanga-zangar adawa da wata masana'antar tagulla da suke zargi da gurɓata masu iska da ruwa. Rajini ya je garin, ya ɗora laifin rikicin a kan ɓata-gari da ya ce sun shiga cikin jama'a, ya kuma yi faɗa da yawan zanga-zanga. Bayan 'yan kwanaki Kaala ya fito, ga shi a ciki yana jagorantar talakawan unguwar Dharavi suna zanga-zanga. Siyasar ma da ya shekara ashirin yana yi wa magoya bayansa rawar kai da ita, ya shelanta shiga a ƙarshen 2017, ya janye a Disamba 2020 ya ce rashin lafiya.

Son da suke yi wa 'yan wasa kuwa har ya wuce hankali, ban yi mana fatansa ba. Mutanen da ke hawa tsani suna zuba madara a kan hoton jarumi ranar fitar fim, alhali akwai yaran da ba su karya ba a bayan silimar. A Satumba 2025 mutum 41 suka mutu a turmutsitsi a garin Karur wajen gangamin siyasar Vijay, har da mata da ƙananan yara. Wannan su riƙe kayansu.

Da na gama zazzage wa abokina wannan duka, shayinmu ya huce, yaron ma ya daɗe da samun fasinja ya yi hanyar Ƙofar Marusa. Abokina ya yi shiru, can ya ce yana da wani labari da ya rubuta tun shekara shida a kan wani ɗan acaba da aka kama bisa kuskure, ya kai wa furodusa uku, kowanne ya tambaye shi ina wajen waƙa. Na ce ya kawo mini in karanta. Ya ce sai ya nemo, yana jin yana cikin akwatin da ke ƙarƙashin gado, in gara ba ta riga ni ba.